Gayyar Jini

Sunan kakata aka sa mini, shi ya sa mahaifina bai taɓa kiran sunana ba tun da aka haife ni. Uwata yake ce mini. Wansa ma, wanda muke kira Baffa, haka yake kirana, don ciki ɗaya suka fito. Mutanen ƙauyenmu suna cewa wannan sunan ne ya lalata ni. Yarinya ta tashi tana yi wa ƙarti biyu faɗa suna dariya suna ba ta haƙuri, yo a ina za ta koyi sunkuyar da kai? Ban koya ba kuwa. Har yau da furfura a kaina bakina bai san linzami ba.

Ƙauyenmu yana gefen Maska, gidanmu kuma gidan noma ne tun kaka da kakanni: dawa, masara da auduga. Baba ya karɓi addinin Kirista tun ina ƙarama. Baffa kuwa ya tsaya a kan abin da ya gada, da tsafinsa a gindin tsamiya da tukunyar giyarsa a bayan ɗaki. Danga ce kawai ta raba gidajensu, kuma ban taɓa jin sun yi cacar baki a kan addini ba. Mahaifiyarmu ta rasu tun da daɗewa. Ni ce babba, ƙannena duk mata ne.

A shekarar da nake magana, 'yan shekaru bayan an sami mulkin kai, ina aure a Funtuwa. Maigidana yana aiki a injin gurzar auduga, ni kuma ina goyon ɗiyata ta fari. Da damina ta yi nisa, dawa ta wuce gwiwa ana shirin huɗa, sai na ce bari in leƙa gida. Ina shiga na tarar da Baba zaune a inuwar rumbu ba riga, yana kartar jikinsa da totuwar masara. Bayansa duk ya yi sawu-sawu, wani wurin har da jini. Ya ɗago ya dube ni, sai na ga idonsa kamar gwaiduwar ƙwai. Mutumin da kafaɗarsa ke cika ƙofa, ga shi ina ƙirga haƙarƙarinsa daga inda nake tsaye.

Na ce, "Baba, me zan gani haka?"

Ya ce, "Shawara ce, Uwata. Yaya yana ba ni jiƙo."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin shuka."

Tun kafin shuka! Ba wanda ya aiko mini. Shawara ai mun san ta, ba baƙuwarmu ba ce. Takan kama yaro, a jiƙa masa saiwar rawaya, a hana shi mai da nama, kafin wata ya zagayo ya miƙe. Wannan kuwa kullum gaba take yi. Ƙanwata da ke yi masa hidima ta ja ni gefe ta raɗa mini cewa fitsarinsa ya yi duhu kamar giyar Baffa, bayan gidansa kuma fari fat, tuwo ko loma biyu ba ya iya yi. Na sauke kayana, ban ko sha ruwan baƙunta ba na ce asibiti za mu.

Baffa yana jin kalmar asibiti ta saman danga ya zagayo. Ya ce, "Uwata, makarantar Mishan ɗin da kika yi, kashe ɗanki aka koya miki? Wa ya taɓa kai mai shawara inda ake allura?"

Kada wani ya yi wa Baffa dariya. Duk ƙasarmu a wancan zamani haka aka yarda, Musulmi da Kirista da masu tsafi: in aka soka wa mai shawara allura, to a shirya masa kabari. Shi kuma Baffa ba a bakin mutane ya ji ba. Babban ɗansa ya yi shawara, aka kai shi wurin wani mai yawo da akwatin allura a kasuwa, bai ƙara kwana biyu a duniya ba. Na san wannan, na kuma ji tausayinsa, amma tausayi bai hana ni buɗe baki ba. Na ce jiƙonsa ya yi wata da watanni bai tsinana komai ba. Ya ce ni 'yar jiya ce. Na ce 'yar jiyan ce dai uwarsa. Muka yi ta yi, har ɗiyata ta farka a bayana ta tsala ihu.

Baba ne ya raba mu. Ya ajiye totuwar ya ce, "Yaya, na sha jiƙonka har ya gundure ni, kuma na gode. Amma susar nan ta raba ni da mutuncina. Ba na barci, ba na ci, ba na iya zama cikin mutane. Bari in bi ta. In mutuwa ce, ai ko nan za ta same ni."

Baffa ya dube ni ya ce, "In aka kashe shi, hannunki ne." Ya juya ya koma gidansa.

A kan jaki muka kai shi bakin titi, motar kaya ta kawo mu Funtuwa, washegari ni da maigidana muka sa shi a jirgin ƙasa sai Zariya. A babban asibitin can aka ba shi gado. Ran da aka fara yi masa allura ya runtse ido yana addu'a a hankali, ni ma ina taya shi a zuci, don duk cika bakina maganar Baffa tana kunnena. Da gari ya waye na shigo da kunu, sai ya tarbe ni da murmushi ya ce, "Uwata, ashe dai ina nan."

Aka yi ta awo, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton cikinsa. Likitan Bature ne, ya daɗe a ƙasar nan, yana jin Hausa, sai dai yana taka ta kamar mai tafiya a kan ƙaya. Ya zo ya zauna a bakin gadon, ya ce wannan ba shawarar da muka sani ba ce. Ya tambayi Baba ko ya taɓa feɗe akuya. Baba ya ce ai ba a ƙirgawa. Likita ya ce to ya san matsarmama, ya kuma san 'yar siririyar hanyar da ruwanta ke bi ya sauka cikin hanji. A gefen wannan hanya, bayan tumbi, akwai wata tsoka fara-fara a kwance. Yana zaton ƙari ne ya fito a kan tsokar, irin na ciwon daji, ya danne hanyar. Ruwan ɗacin ya rasa mafita ya koma cikin jini, shi ne rawayar ido, shi ne kuma ƙaiƙayin.

Ya ce hanya uku ce a gabanmu. Ta farko babban aiki ne: a yanke ƙarin gaba ɗaya, a haɗa da wani yanki na hanji da na tumbi, sannan a ɗinke abin da ya rage. Wannan ne kaɗai ke iya raba mutum da ciwon, amma aiki ne mai nauyi ƙwarai, ba kowa ke tashi daga gare shi ba, kuma ba ya yiwuwa in ƙarin ya riga ya kama manyan jijiyoyin jini. Ta biyu ƙaramin aiki ne: a bar ƙarin a inda yake, a haɗa matsarmama da hanji ta wani gefen, ruwan ya sami wurin wucewa. Ciwon yana nan, amma rawaya da ƙaiƙayi za su tafi, zai ci abinci. Ta uku, mu koma gida yadda muka zo. Ya ce ba zai san wanda zai yiwu tsakanin na farko da na biyu ba sai ya buɗe ya gani da idonsa.

Baba ya ce, "Na gane. In ruwa ya kwanta a gona, dutse ya tare shi, in dutsen na ciruwa sai a cire. In ba ya ciruwa, sai a yanka wa ruwan hanya ta gefe. Likita, ka buɗe. Abin da ka tarar ka yi abin da ya dace."

Sai likita ya kawo maganar da ta fi damuna. Ya ce mai irin wannan rawaya jininsa ba ya saurin tsayawa in an yanka shi. Ba zai ɗora masa wuƙa ba sai akwai jini a ajiye, na mutum huɗu ko biyar, kuma asibiti ba ta da shi sai abin da dangi suka bayar. Ya sa ranar aikin a mako mai zuwa. Ya ce in ranar ta wuce ba jini, jikin Baba yana ƙara lalacewa, ba lallai ya sake yarda ya taɓa shi ba.

Nan take na naɗe hannun rigata. Wata ma'aikaciyar jinya ta ja fatar idona ta duba, ta dubi goyon da ke bayana, ta ce ko kusa. Na yi masifa, na yi roƙo, ta ƙeƙasa ƙasa ta ƙi. Maigidana, Allah ya saka masa, nan da nan ya bi ta aka ɗebi nasa. Saura na sauran. Na bar shi wurin Baba, na ɗaure ɗiyata na kamo hanyar ƙauye, ina cewa a raina wannan ai ba abin wahala ba ne, gari cike da dangi.

Tabɗi! Gida-gida na bi. Wannan ya ce yana jin jiri tun jiya. Wancan ya ce bari ya yi shawara da matarsa, mutumin da bai taɓa shawara da ita ba ko a kan sayar da akuyarta. Wani ya ce ya ji in an ɗebi jinin mutum ba ya dawowa, ƙarfin garma ya tafi ke nan, har da ƙarfin cikin ɗaki. Wani ya ce Turawa sayarwa suke yi. Na je wurin dattawan majami'armu, suka ce za su sa shi a addu'a. Na ce addu'a na gode, amma ba a ɗura ta a kwalba. Aka ce na yi rashin kunya. Na yi ɗin.

Gaskiyar magana, tsoronsu ba na banza ba ne. Lokacin huɗa ne. Manomin da ya kwanta a wannan mako, dawarsa ta kwanta tare da shi, iyalinsa su kwana da yunwa shekara guda. Kowa gonarsa yake gani a idonsa. Ni kuma ubana nake gani a kan gado yana kartar jikinsa, ranar aiki tana matsowa, hannuna ba ko mutum ɗaya. Na koma gida da yamma na zauna a ƙofar ɗakinsa na yi kuka mai isata, na baƙin ciki da na haushi.

Da safe sai na ji gangar noma tana tashi daga gabas. Na tambayi ƙanwata, ta ce gayya ake yi a gonar wani maƙwabcinmu, duk mazan gari suna can. Na ɗaga kai, sai ga garmar Baba rataye a jikin rumbu, ƙotarta ta yi sumul saboda hannunsa, bakinta ya fara tsatsa. Baba bai taɓa ƙin gayya ba a rayuwarsa. Ko ta wane ce, ko mai tsafi ko mai salla ko ɗan majami'a, shi ne farkon zuwa, kuma kuyyar bakin layi tasa ce, wadda kowa ke auna gudunsa da ita. Na miƙe na tamke goyona da ɗamara, na saɓi garmar. Ƙanwata ta ce, "Yaya, ina za ki?" Na ce gayya.

Na tarar da su sun jeru, ƙasa tana tashi, makaɗi yana bin bayansu yana zuga su ɗaya bayan ɗaya. Mata suna gindin ɗorawa da ƙoran kunu da tulunan giya. A wurinmu mace da fartanya ba abin kallo ba ce, muna noma kamar kowa. Amma mace da garma a layin maza, a kuyyar bakin layi kuma, ba a taɓa gani ba. Na ratsa gonar na je na tsaya a wurin Baba, na kafa garmar a ƙasa. Ganga ta yi shiru. Maza suka ɗago suna share gumi.

Na ce, "Kun san garmar nan?"

Duk suka zuba wa garmar ido.

Na ce, "Duk wanda garmar nan ba ta taɓa shiga gonarsa ba, ya ɗaga hannu in gan shi."

Hannu ko ɗaya bai tashi ba. Wasu suka sunkuyar da kai suna tona ƙasa da yatsan ƙafa.

Na ce, "To mai ita yana gayya. Ni ya aiko, a gaban ganga nake faɗa, kowa ya ji. Gonarsa tana Zariya a kan gadon asibiti. Ba garma za ku ɗauko ba, hannu kawai za ku miƙa. Jiya roƙonku na yi kuka ƙi, wannan ruwanku. Yau gayya ce."

Na san abin da na yi. Roƙo a cikin zaure, mutum yana iya zillewa ba wanda ya sani. Amma wanda aka noma wa gona, aka kira shi gayya a bainar jama'a ya ƙi, ya gama kiran tasa gayyar a garin nan, kuma makaɗi ba zai bar sunansa ya huta ba har jikokinsa su ji. Can wani daga tsakiyar layi ya ce, cikin murya ƙasa-ƙasa, "To in mun dawo kamar tsumma, wa zai yi mana huɗa?"

Kafin in buɗe baki sai matar Baffa, tsohuwa mai ƙaramin jiki da ke rabon kunu, ta ajiye ludayi ta ce, "Mu za mu yi. Duk wanda ya tafi, gonarsa tana wuyanmu. Ko kuna tsammani ku kaɗai Allah ya ba hannu?" Mata suka rangaɗa guɗa.

Baffa yana zaune kusa da tulun giya, tun da na zo bai dube ni ba. Sai na ga ya dafa ƙasa ya miƙe. Na san in ya ce a'a, ba mai motsawa. Ya tako har inda nake, ya dubi garmar ya daɗe, sannan ya ce, "Uwata, ni har gobe ban yarda da wuƙar nan ba, kada ki ce na yarda. Amma shekarar da na binne ɗana, da damina ne, na kasa fita ƙofar gida. Garmar nan ce ta gama gonata kafin ta taɓa tata. An kira ni a gaban ganga, zan je. In ya mutu, ya tafi da jinina a jikinsa."

Makaɗi ya saki ganga da ƙarfi. Sai ga mai gonar da kansa ya fito daga layi, sai wanda ya yi jiri jiya, sai wani saurayi da ke neman ƙanwata, wanda na san ba don Baba kaɗai ya fito ba, amma ina ruwana. Kafin a sha kunun rana na sami fiye da yadda nake nema.

Tafiyarmu Zariya abin dariya ce in na tuna yanzu. Yawancinsu ba su taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Ɗaya ya yi wa matarsa wasiyya a bakin hanya, ya gaya mata inda ya binne tukunyar gero. Baffa ya ɗaura layu da ƙarafa tun daga damtse har wuyan hannu, sai da ma'aikaciyar jinya ta roƙe shi ya matsar da su ta sami jijiya. Shi ya ce a fara da shi. Ya kwanta ya ce, "Uwata, tsaya nan kusa." Da ya ga allurar, abin da ya fi tsana a duniya, sai ya juyar da kai bango, gumi yana tsattsafo masa, ya damƙe hannuna har na ji ƙashina zai karye. Bai janye ba. Da aka gama ya dubi kwalbar ya ce, "Wannan duk nawa ne?" Aka ba kowa shayi mai madara da burodi. Mai jirin nan ya cinye nasa ya tambaya ko za a ƙara ɗiba a ƙara masa burodi.

Da safe aka shiga da Baba. Muka zauna a gindin mangwaro a harabar asibitin, masu addu'a suna yi, Baffa yana murza wani ƙarfe a hannunsa yana motsa baki. Rana ta take tsaka kafin likita ya fito. Tun daga tafiyarsa na gane. Ya ce Baba yana da rai, ya zubar da jini sosai, kuma ba don wanda aka ajiye ba da bai sauko daga teburin ba. Amma ƙarin ya riga ya naɗe manyan jijiyoyi, ba ya ciruwa. Ƙaramin aikin ya yi, ya buɗe wa ruwan hanya ta gefe. Na ce to har yaushe zai kai? Ya ce zai ga kaka, yana fata, amma kada mu sa rai da wata daminar.

Wayyo Allah. Na tayar da gari, na yi wa dattawa rashin kunya, na sa an huda Baffa, duk don 'yan watanni? Na kasa haɗa ido da kowa. Baffa ya ci gaba da murza ƙarfensa bai ko dube ni ba, abin ya fi mini zagi ciwo.

Da Baba ya farfaɗo sosai, ya dubi fuskata ya ce, "Dutsen bai ciru ba ko?" Na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi. Na girgiza kai, hawaye suka zubo. Ya ce, "Haba Uwata, share. Ni ce miki na yi ina so in dawwama? Cewa na yi susa ta raba ni da mutuncina. Duba nan." Ya ɗago hannayensa biyu, suna kwance a kan bargo ba abin da suke karta.

Haka kuwa aka yi. Kafin a sallame mu rawayar ta fara washewa. Da muka koma gida, idonsa ya dawo fari, ya yi barci har da minshari, ya ce a tuƙa masa tuwon dawa da miyar kuka, ya cinye malmala guda ya suɗe hannu. Ya koma zama a dandali da rigarsa a jikinsa. Waɗanda suka ba da jini kuwa ba wanda ya zama tsumma. Sun dawo sun tarar mata sun gama musu huɗa, har ana tsokanarsu cewa kuyyar matan ta fi tasu miƙewa. Mai tsoron ƙarfin cikin ɗaki ma, bayan shekara matarsa tagwaye ta haifa, ya sha ba'a har ya gaji.

Da kaka ta yi, dawa ta nuna, sai Baba ya ce a ɗaura wa jaki akumari. Lokacin ramar ta fara dawowa, bayansa kuma yana ciwo. Na ce ina za shi? Ya ce an yi masa gayya, zai je ya rama. Na ce da wane ƙarfin? Na yi faɗa, na ɓoye laujensa, na ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba inda za shi. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Uwata, ke kika kira gayyar nan da sunana. So kike in tafi a ce an zo tawa ban je ta kowa ba? Ba ni laujena." A nan na san wurin wanda na gado taurin kai. Na ɗauko na ba shi, na kama igiyar jakin da kaina.

Duk ran da ɗayansu ke yankan dawa, sai mu je. Ya sauka ya yanki 'yan kawuna, ya ɗora a kan dami, ya zauna a inuwa a sha hira. Ba wanda ya ce masa ya bari, sun san abin da ya kawo shi. Gonar Baffa ce ta ƙarshe, don dawarsa mai nauyi ce ba ta nuna da wuri. Ran nan Baba bai iya sauka daga kan jaki da kansa ba. Baffa ya zo ya ɗauke shi cak kamar yaro, ya zaunar da shi a kan kuyya. Ya lanƙwaso karan dawa guda har gabansa, ya sa masa lauje a hannu, ya ɗora nasa hannun a kai, suka yanke kan tare.

Baba ya ce, "Yaya, na rama."

Baffa ya ce, "Ka rama." Ya juya mana baya yana korar wata akuya da ba ta ma kusa da gonar.

Baba ya ga an cika rumbu. Ya ga Kirsimeti, ya ci shinkafa da nama, ya ɗauki ɗiyata a cinya tana ja masa gemu. Cikin sanyin da ya biyo baya ya rasu, a ɗakinsa, fatarsa lafiya lau ba sawun karta ko ɗaya.

Bayan an share makoki, matar Baffa ta zo ta ce yana kirana. Na ce to, ranar ta zo. Ya ce in aka kashe shi hannuna ne, yau zai tuna mini. Na shirya amsata tsaf, na zagaya dangar ina huci. Na tarar da shi a ɗaki. Ya miƙa hannu cikin rufin ya zaro kan dawar nan da suka yanka tare, ya naɗe shi da tsumma don kada ɓera ya taɓa.

Ya ce, "Uwata, da kin bi tawa, da totuwa a hannu zai mutu, ba mai iya kallonsa. Kin samo mini ƙanena kaka guda. Ungo, iri ne."

Duk maganar da na tanada ta gudu. Na durƙusa a gabansa, abin da ban taɓa yi ba, na karɓa da hannu biyu, muka yi ta kuka ni da shi kamar yara.

Da ruwan shuka ya sauka na zo daga Funtuwa muka shuka irin a gonar Baba, ni da ƙannena. Da lokacin huɗa ya yi ban kira kowa ba. Na saɓi garmar na fita da sassafe, ina dosar gonar na ji ganga. Na tarar sun jeru suna jirana, Baffa a cikinsu, sun bar kuyyar bakin layi ba kowa.